Daga Filin Unguwa a Jos Zuwa Kwantiragin Zari-Ruga: Yadda Ake Bin Hanyar

Gara a fara da maganar da ba ta da daɗin ji. A Najeriya babu gasar zari-ruga (rugby) da ake biyan ɗan wasa albashin da zai ci ya sha ya biya haya da shi. 'Yan wasan gida, ko na ƙungiyar Cowrie ta Legas ne ko na Barewa ta Kano, kowa na da abin yinsa na daban, wani ɗalibi, wani ma'aikaci, wani ɗan kasuwa. Kuɗin wasan yana Faransa da Ingila da Ailan da Japan da Afirka ta Kudu da Ostareliya da Niyu Zilan. Ko a can ma sai a watan Agustan 1995 aka halatta biyan 'yan wasa a fili. Don haka yaron Gangare ko Angwan Rogo da ke son ya ci abinci da wannan wasa, ya sani tun yau cewa hanyarsa fita za ta yi da shi daga ƙasar, kuma lokacinsa ƙanƙane ne. Kulob-kulob na waje matasa suke nema, 'yan shekara 16 zuwa 21. Wanda ya wuce haka bai fara ba zai iya more wasan, amma maganar sana'a ta yi masa nisa.

Mataki na farko: ka san wasan, ka san inda jikinka ya dace

Kowane ɓangare mutum 15 ne, ana yin minti 80 da hutun rabin lokaci. Ba a jefa ƙwallo gaba da hannu, sai baya ko gefe. Gaba kuwa sai dai ka ruga da ita ko ka buga da ƙafa. In ka dangwala ta a ƙasa bayan layin abokan hamayya ka ci tirai, maki 5, bugun da ke biye masa maki 2, bugun fanareti maki 3. Wannan kowa zai iya haddacewa a zama guda. Abin da ke ɗaukar lokaci shi ne gane lambar da ta dace da kai.

Daga lamba 1 zuwa 8 su ne 'yan gaba, masu aikin ƙarfi, waɗanda ke haɗa kafaɗa su yi turereniyar da ake kira sikiram. Masu lamba 1 da 3 kakkaura ne, masu kaurin wuya da faɗin ƙirji. Lamba 2 na tsakaninsu, shi ke jefo ƙwallo idan ta fita waje. Lamba 4 da 5 dogaye ne, a manyan ƙungiyoyi tsayinsu kan kai kusan mita 2, su ake ɗagawa sama su cafe ƙwallo. A nan Maro Itoje ke wasa, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, aka haife shi a Landan a 1994, ya kuma zama kyaftin ɗin Ingila a 2025. Lamba 6 da 7 da 8 su ne karnukan farauta, ba su da hutu. Daga 9 zuwa 15 kuwa 'yan baya ne: 9 ke fito da ƙwallo daga cikin cinkoso, 10 ke tsara wasa, 12 da 13 a tsakiya, 11 da 14 masu gudu a gefe, 15 mai tsaron baya.

Kada ƙanƙantar jiki ta karya maka gwiwa. Cheslin Kolbe na Afirka ta Kudu da kaɗan ya ɗara mita 1.7, amma ya ci tirai a wasan ƙarshe na kofin duniya na 2019. Sai dai a ganina, ga wanda ya fara wasan a makare, lambobi 9 da 10 sun fi wuya, domin suna buƙatar idon da aka horar tun yarinta. Gefe da lambobi 6 da 7 su suka fi karɓar baƙo. Kuma kada ka kafe a kan lamba guda. Tendai Mtawarira ɗan Zimbabuwe a sahun baya na sikiram, wato lambobi 6 zuwa 8, ya fara, sai da ya je ƙungiyar Sharks ta Durban aka mayar da shi lamba 1, inda ya buga wa Afirka ta Kudu wasa 117.

Mataki na biyu: ka nemi masu yi

Ka je filin wasa na Rwang Pam ka tambayi ma'aikatan hukumar wasanni ta jiha wane ne ke kula da zari-ruga, yaushe ake atisaye, a ina. Ka leƙa sashen wasanni na Jami'ar Jos. Ka bi shafukan hukumar zari-ruga ta ƙasa, NRFF, don sanin lokutan gasa. In ba ka samu kowa a kusa ba, ka tara abokai shida ko takwas ku fara da wasan taɓawa, wanda ba a kayar da kowa, taɓa mai ƙwallo da hannu biyu ya wadatar. Hukumar duniya, World Rugby, tana da darussa kyauta a intanet, ciki har da Rugby Ready da na dokokin wasa, ana gamawa a ba ka shaida. Data kawai za ka kashe.

Kayan aiki ba su da yawa: ƙwallo, takalmin ƙwallo wanda ƙusoshinsa ba su da kaifi (gwanjon kasuwar Katako ya isa), da robar kare haƙori. Wannan robar ba ta ado ba ce, kada ka shiga wasan kayarwa babu ita.

Sannan ka je wurin Baba da Inna tun kafin su gan ka da kumburarren leɓe. Iyaye da yawa sun ɗauka faɗa ne. Ka nuna musu wasa guda a waya, ka kai kocinka ya gaishe su. Nan gaba sa hannunsu za ka nema a takardar fasfo da ta tafiya gasa.

Mataki na uku: kayarwa, da kare kanka

A nan ya kamata ka daɗe. Yaron da ya tashi yana kokawa ya shigo da rabin abin da ake nema: ya san yadda ake ƙanƙan da ƙugu, ya san nauyin mutum a ƙafarsa yake, ba ya tsoron haɗa jiki. Amma akwai ɗabi'ar kokawa da za ta jawo masa jan kati. Ɗaga mutum sama har ƙafafunsa su wuce kansa a maka shi da ƙasa laifi ne babba a zari-ruga. Haka kama wuya, haka dukan mutum da kafaɗa ba tare da rungumarsa da hannu ba. Katin gargaɗi kaɗai minti 10 ne a waje.

Ga yadda ake yi. Ka matso kusa da mai ƙwallo da gajerun taku, kada ka yi tsalle daga nesa. Ka lanƙwasa gwiwa da ƙugu, bayanka a miƙe, haɓarka a ɗage, idonka a buɗe yana kallon cinyarsa. Ka dasa ƙafarka kusa da tasa, ka sa kafaɗar wannan ɓangaren a cinyarsa ko ƙugunsa. Kanka kuwa ya wuce ta bayansa, kumatunka a jikin ɗuwawunsa, kada ya taɓa shiga gaban gwiwarsa. Ka rungume ƙafafun da hannu biyu ka matse, ka ci gaba da turawa da ƙafa har ya faɗi. Da ya faɗi ka sake shi ka miƙe tsaye, domin doka ba ta yarda ka taɓa ƙwallo kana kwance ba.

Ka fara koyon wannan a durƙushe, kai da abokinka, sannan a tsaye ana tafiya, sannan ana sassarfa, kafin a kai ga gudu. Ka koya da kafaɗar dama da ta hagu daidai wa daida. Yawancin raunin kai yana samun mai kayarwa ne, sau da yawa a ɓangaren da bai iya ba. Filayen Jos lokacin hunturu sun bushe sun yi tauri, wasu ma tsakuwa ce zalla. Ka nemi ciyawa ko yashi, ko ka bar atisayen kayarwa mai nauyi sai damina. Sikiram kuwa kada a kafa shi sam in babu kocin da ya san shi a wurin. Mutum 16 ne ke turi, nauyin kuma a wuyan mutum shida na gaba yake sauka.

Idan ka bugu a kai ka ji jiri, ko ganinka ya dishe, ko amai ya taso, ko ka kasa tuna maki nawa ake, to wasan ranar ya ƙare. Ba sai ka suma ba. Ka fita, a kai ka asibiti, kada a bar ka kai kaɗai a daren. A Ingila ƙa'idar wasan da ba na ƙwararru ba ita ce aƙalla kwana 21 kafin a koma gasa. Abokai za su ce maka ai namiji ba ya raki. Steve Thompson yana cikin waɗanda suka ci wa Ingila kofin duniya a 2003. A 2020 ya bayyana cewa an gano yana da cutar mantuwa tun yana ɗan shekara arba'in da 'yan kai, kuma ba ya iya tuna wasannin da ya ci kofin da su.

Mataki na huɗu: gina jiki

Allah ya ba ɗan Jos abin da wasu ke biyan kuɗi su nema. Garin yana sama da teku da kimanin mita 1,200, ga sanyi, ga tuddai. Ba banza ba Filato ke fitar da masu dogon gudu. Sai dai zari-ruga ba dogon gudu ba ne, gudu ne na ƙarfi, a tsaya, a faɗi, a tashi, a sake. Gwajin da kulob-kulob ke yi sunansa Bronco, kuma za ka iya yinsa gobe da safe. Ka sa alama a mita 20 da 40 da 60. Ka je ta farko ka dawo, ta biyu ka dawo, ta uku ka dawo. Sau biyar ke nan ba tsayawa, jimla mita 1,200. Ɗan baya da ya gama ƙasa da minti 5 yana kan hanya. Ka riƙa rubuta lokacinka kowane wata, tare da na gudun mita 40.

Ɗaga ƙarfe sau uku a mako ya wadatar, kuma ƙafa da ƙugu da baya ne gaba da damtse. 'Yan ɗaga ƙarfen unguwa ƙirji da hannu suke ginawa don riga ta zauna, kai ba wannan ne ya kawo ka ba. Ka yi tsuguno da nauyi, ka ɗaga ƙarfe daga ƙasa, ka ja jikinka sama a sanda, ka kuma motsa wuya kullum ta hanyar tura kai a tafin hannu, gaba da baya da gefe biyu.

Abinci ba sai na kanti ba. Acca, dankalin turawa, shinkafa da wake, ƙwai, awara, kindirmo, gyaɗa, kifi, da ganyen Farin Gada, duk suna nan. Matsalar ita ce yawa da kuɗinsa. Mai ɗaga ƙarfe yana bukatar abinci mai gina jiki a kowane ci, ba sai na dare kaɗai ba, kuma wake da awara sun fi nama sauƙi ga aljihu. Da azumi ka mayar da atisaye mai nauyi bayan an sha ruwa, ka rage na rana.

Sai maganar ƙwaya, wadda ba sai an ɓoye ba. Tun 1 ga Janairun 2024 hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya, WADA, ta haramta tramadol a lokacin gasa. Wiwi ma haramtacce ne a gasa. Allurar ƙara tsoka da ake tallatawa a wuraren ɗaga ƙarfe, da garin gina jiki na gwangwani da ba a san abin da ke ciki ba, ka nisance su. Dokar ita ce duk abin da aka samu a fitsarinka kai ne da alhaki, ko ka sani ko ba ka sani ba. Aphiwe Dyantyi shi aka zaɓa sabon ɗan wasan da ya fi haskawa a duniya a 2018. Shekara guda bayan nan gwaji ya kama shi, aka dakatar da shi shekara huɗu.

Mataki na biyar: wasan mutum bakwai shi ne ƙofa

Ɗan Najeriya da ke wasa a gida ya fi samun damar a gan shi ta wasan bakwai-bakwai. Fili ɗaya ne da na mutum 15, amma minti 7 ake yi a huta a ƙara 7, kuma a kan buga wasa da dama a yini guda. Ba ya buƙatar tarin ƙatti, gudu da numfashi da iya kayarwa kai kaɗai yake so. Tun 2016 yana cikin wasannin Olamfik, shi ya sa hukumomin wasanni suka fi sakin kuɗi a kansa. Kenya ta nan ta yi suna, har ta ci gasar Singafo a 2016. Kuma ɗan Legas ne, Andrew Harriman, ya jagoranci Ingila ta ci kofin duniya na bakwai-bakwai na farko a 1993.

Tsanin a bayyane yake: kulob, sai tawagar jiha zuwa bikin wasanni na ƙasa, sai sansanin ƙungiyar ƙasa, Black Stallions, sai gasar Afirka da hukumar nahiyar, Rugby Africa, ke shiryawa. Kowace gasa ka je, ka sa wani ya ɗauke ka bidiyo daga wuri mai tudu, waya a kwance, fili na fitowa sosai. Ka haɗa na minti uku ko huɗu, babu kiɗa, babu ado. Ka sa kayarwarka da aikin da kake yi lokacin da ƙwallo ba ta hannunka, kada ka cika shi da tirai kaɗai. A farkonsa ka rubuta shekarunka da tsayinka da nauyinka da lokacin Bronco. Ka ajiye cikakken wasa guda ko biyu, domin kocin da ya san aikinsa shi zai nema.

Akwai abin da ya kamata ka sani game da rigar ƙasa. Da zarar ka buga wa babbar ƙungiyar Najeriya wasan da hukuma ta amince da shi, ka ɗaure da ita. Tun 2022 an yarda a sauya ƙasa bayan hutun shekara uku, amma sai ga ƙasar da aka haife ka, ko aka haifi iyayenka ko kakanninka. Wasu na ganin wannan dalili ne na jan ƙafa. Ni ban ga haka ba. Najeriya ba ta taɓa zuwa kofin duniya ba, gaskiya ne, amma kwantiragin kulob ba ya buƙatar ka canza ƙasa, kuma ba ka da wani dandali da ya fi wannan.

'Yan mata ma suna da tasu, Lady Stallions, kuma doka ta yarda da ɗankwali da dogon wando matsattse a fili.

Mataki na shida: fita

Ka duba yadda waɗanda suka kai suka kai. Siya Kolisi, wanda ya ɗaga wa Afirka ta Kudu kofin duniya a 2019 da 2023, a unguwar talakawa ta Zwide ya tashi. Yana ɗan shekara 12 aka gan shi a wata gasar yara aka ba shi gurbin karatu kyauta a makarantar Grey. Mtawarira daga makarantar sakandare a Zimbabuwe ya tafi makarantar horon Sharks. Itoje ya bi ta makarantar Harrow da makarantar horon kulob ɗin Saracens. Dukansu makaranta ce ta buɗe musu ƙofa. Saboda haka sakamakonka na WAEC ko NECO yana cikin kayan wasanka, musamman Turanci da lissafi. Jami'o'in Afirka ta Kudu na da gasarsu, Varsity Cup, wadda kulob-kulob ke zaɓen 'yan wasa daga cikinta, jami'o'in Birtaniya ma haka.

Dalilin da ya sa hanyar karatu ta fi, shi ne dokokin ƙasashen. A Birtaniya ba a ba ɗan wasa bizar sana'a sai hukumar wasan ta can ta amince da shi, kuma sharuɗɗan sun fi ƙarfin wanda bai taɓa wasa a babbar gasa ba. A Faransa, inda ake da manyan rukunonin gasa biyu, Top 14 da Pro D2, da rukunoni da dama a ƙasansu, akwai dokar JIFF da ke tilasta wa kulob sa adadi mai yawa na waɗanda aka horar a cikin ƙasar. Baƙon da ya shiga cibiyar horon kulob yana matashi ya yi shekara uku, shi ma yana shiga wannan sahu, farashinsa kuma ya tashi. Wanda ya zo yana ɗan 25 kuwa gurbin baƙi zai nema, yana gogayya da 'yan Fiji da Jojiya. Idan Faransa ce a ranka, ka fara zuwa Alliance Française ta Jos tun yanzu. Kocin da zai yi maka ihu a tsakiyar sikiram ba zai tsaya fassara ba.

Takardunka su zama ɗaya: ta haihuwa, lambar NIN, fasfo, da ta makaranta, duk ranar haihuwa guda. Rage shekaru da aka saba a ƙwallon ƙafa yana kashe sana'a ranar da aka gano, kuma ana ganowa.

Dillalai kuwa, ka yi hattara. Kulob na gaskiya ba ya karɓar kuɗin gwaji, ba ya cewa a tura kuɗin biza ta asusun wani mutum. Dillalin gaskiya yana da rajista da hukumar wasan ƙasar da yake aiki, kuma ladansa daga kwantiragi yake fitowa bayan an sa hannu. Duk takardar gayyata da aka turo maka ta WhatsApp, ka nemo adireshin kulob ɗin a shafinsa na intanet da kanka ka tambaye su. Kada a sayar da fili ko shanun gida kan hoton takarda. Kuma kafin ka yi wa wani kulob wasa a waje sai NRFF ta ba ka takardar sallama, don haka kada ka bar gida da rigima tsakaninka da ita.

Idan kwantiragi ya zo

Kada ka sa hannu ranar da aka miƙo maka. Ka ba lauya ya karanta. Adadin da aka rubuta, kafin haraji ne ko bayansa? Wa zai biya haya da tikitin dawowa gida? In ka ji rauni na wata shida, albashi zai ci gaba, ko akwai sharaɗin sallama? Wa ke biyan kuɗin tiyata? A ƙananan rukunoni sau da yawa abin da ake bayarwa ɗaki ne da ɗan alawus da aikin yi a gari. Ba laifi ba ne a fara da haka, muddin bizarka ta yarda da shi.

Za ka tarar bayan kowane wasa ana zama da abokan hamayya a ci a sha, kuma giya tana da yawa a wurin. Ka je zaman, ka riƙe lemonka. Sonny Bill Williams Musulmi ne, ya ci wa Niyu Zilan kofin duniya a 2011 da 2015, a 2017 ma ya rufe tambarin banki a rigarsa saboda addininsa, aka kuma ƙyale shi. Ka gaya wa koci da likitan kulob maganar azumi da abincin halal tun makon farko.

Kwantiragi kan zama na shekara ɗaya zuwa uku, yawancin 'yan wasa kuma suna ajiye takalmi a farkon shekarunsu na talatin, wasu tun kafin nan saboda gwiwa ko kafaɗa. Kulob ɗin ma kansa yana iya mutuwa. A Ingila, Worcester da Wasps sun durƙushe a 2022, London Irish ta bi su a 2023, 'yan wasa suka wayi gari babu albashi. Itoje ya yi digirin siyasa a jami'ar SOAS ta Landan yana tsakiyar wasa, Immanuel Feyi-Waboso na kulob ɗin Exeter yana buga wa Ingila yana karatun likita. Kai ma tun a kwantiragin farko ka tambayi kulob ko zai biya maka kwas, ka kuma fara karɓar shaidar koci ko ta alƙalin wasa ta World Rugby. Matakin farko na kowannensu gajeren kwas ne, ana yinsa a lokacin hutun kakar wasa.